Wainar da ba ta ciyuwa

A watan Afrilun 2020, ana tsakiyar kullen korona a Kano, sarƙar duwatsun da Innarmu ta ba ni ta tsinke. Ina cire hijabi zaren ya saki, duwatsun suka watse a tsakar ɗaki, wasu suka gangara ƙarƙashin gado. Na tsince su ɗaya bayan ɗaya na zuba a kofin shayi. Kasuwa a rufe, babu inda zan kai gyara, ga lokaci har ya yi mini yawa. Sai na ɗauko allura da zaren ɗinki na shirya su, ina ta yabon kaina. Kwana uku sarƙar ta yi ta sake tsinkewa.

Daga baya na gane dalili. Bakin hudar dutse yana da kaifi, a hankali yake cin zare kamar ɓera da buhu. A YouTube na ga abin da masu sana'ar suke amfani da shi: wata siririyar waya ta ƙarfe da aka lulluɓe da roba, wadda ba a ƙulla ta, sai dai a zura mata ɗan ƙaramin zobe a matse da filaya ya riƙe. Na rubuta sunayen kayan a bayan littafin cefane, na zauna jiran a buɗe gari.

Da aka saki mutane na nufi Kurmi. Duk wanda ya san kasuwar ya san lungunan da ake rataye murjani da tsakiya da jigida, inda mutum biyu ba sa iya jerawa. Na tsaya wurin wani dattijo na ce ina son kiristal. Ya zaro mini tsinke uku masu walƙiya, na tambaye shi ko na gaske ne. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Hajiya, na gaske ta wace fuska? Wannan kwalba ce, amma kwalba mai mutunci. In dutsen ƙasa kike so, ga shi nan, kuɗinsa daban."

Ya ɗauko wani mai ruwan makuba ya ce in ɗora a kuncina. Na ji sanyi. Ya ce in ɗora na kwalbar. Nan take ya ɗauki ɗumin jikina. Sannan ya ɗaga na kwalba mai araha a hasken da ke ratsowa ta rufin rumfa, ya nuna mini 'yan ƙananan kumfa a ciki. Ya ce dutse ba ya kumfa, sai dai ka ga jijiya ko gajimare a cikinsa, kuma ba ka samun guda biyu da suka yi kama sak.

A ranar na san cewa abu biyu ake kira da suna ɗaya. Akwai gilashin da aka yanka masa fuskoki don ya riƙa wasa da haske, irin wanda kamfanin Swarovski na ƙasar Ostiriya ya yi suna da shi tun kafuwarsa a 1895, da Preciosa na ƙasar Cek, da kuma na Sin wanda shi ya cika kasuwanninmu. Sai kuma dutsen da ake haƙowa, kamar kwats da ɗan'uwansa amatis mai ruwan makuba. A ma'aunin tauri na Mohs kwats yana mataki na 7, gilashi kuwa wajen 5 da rabi, shi ya sa kwats yake iya zana kwalba amma kwalba ba ta zana shi. Abin da ya ba ni haushi shi ne, irin waɗannan duwatsun muna da su a ƙasarmu. Ana haƙo safaya a tsaunin Mambila, ana samun tomalin da akwamarin a Nasarawa, Jos kuwa ta daɗe da zama matattarar dillalansu. Amma galibi ɗanye ake fitarwa, mu kuma mu sayi wanda aka goge aka huda a wata ƙasa.

Filayar da na fara da ita ta gyaran wuta ce, ta maigidan. Haƙoranta suka riƙa barin tabo a jikin waya kamar cizon yaro, har sai da na naɗe bakinta da salatif. Daga baya na sayi guda uku na ainihi: mai zagayen baki ta lanƙwasa, mai faɗin baki ta riƙewa, da ta yanka. Waya kuma kauri biyu nake ajiyewa, mai milimita 0.8 ta yin ƙashin abu da mai 0.4 ta naɗi. Abin da ya fi cin raina shi ne ɗan madaukin da ake yi a saman dutse don a rataye shi. Za ki lanƙwasa wayar ta kwanta, ki zagaya da ita kan bakin filaya, sannan ki naɗe jelar sau uku a wuya, kowane naɗi ya kwanta jikin ɗan'uwansa. A bidiyo daƙiƙa goma ne. Ni sai da na cika gwangwanin madara da karkatattu kafin na sami guda biyu da za su iya zama 'yan kunne ɗaya.

Kunya ta farko da sana'ar ta ba ni a kunnen 'yar goggona ce. Na yi mata 'yan kunne da ƙugiya mai ruwan gwal da na sayo a tsibi, ta sa ranar suna, washegari kunnen ya kumbura yana ƙaiƙayi. Akwai wani ƙarfe da ake kira nikel a cikin irin waɗannan masu arahar, jikin mutane da yawa ba ya karɓarsa. Tun daga nan ƙugiyar kunne ko azurfa ko baƙin ƙarfe mara tsatsa, in babu na haƙura. Na kuma koyi gaya wa duk wadda na ba sarƙa ta shafa humrarta ta bushe tukuna kafin ta sa, don turare yana cinye ruwan gwal ɗin. Wani amatis da na manta a bakin taga wata biyu kuwa rana ta koɗar da shi, ya koma kamar zoɓon da aka cika wa ruwa.

A bidiyon Turawa za ki ji ana cewa wannan dutse yana kawo kuɗi, wancan yana kore baƙin ciki. Ni dai ado na je nema, da sun fara wannan zancen nake tura bidiyon gaba.

Aikin laka kuwa ya shigo ne ta bayan fage. Ina neman yadda zan yi abin wuya da siffar da nake so, sai na faɗa kan masu yin 'yan ƙananan abinci: kek da bai kai farce ba, burodi, shinkafar Japanawa a faranti kamar maɓalli. Na kwana ina kallo. Abin ya tuna mini da tuwon ƙasa da muke tuƙawa a gwangwanin tumatir muna yara, mu tsinko ganye mu ce miya. Duk kallon da na yi ban ci karo da mai tuwo ba, ban ga mai ɗanwake ba. Na ce to, bari in gwada namu.

Da yumɓu na fara, na roƙo wurin wata mai ginin tukwane. Bai yi ba. Tsakuwar da ba ta komai a jikin randa, a jikin ƙosai mai girman ƙwayar gero sai ta zama dutse, kuma yana bushewa yake tsagewa. Sai na koma haɗin gida: kofi ɗaya na sitacin masara, kofi ɗaya na farin gam irin na kafintoci, cokali ɗaya na man jarirai, cokali ɗaya na ruwan lemon tsami. A ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya saki tukunya ya dunƙule kamar tuwo, a sauke, a shafa mai a hannu a murza, a ƙulle a leda ya kwana. Wannan ba a gasa shi, iska ke busar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Yana da laushi, ga araha, amma yana tsukewa in ya bushe, ba ya shiri da ruwa, a hunturu kuma kafin ki gama siffanta abu bayansa ya fara yin ɓawo. Na yi wata shida da shi.

Ƙanina ne ya zo mini da Fimo daga Legas, 'yan ƙulli shida, kowanne giram 57. Sunan laka kawai ta ara, ba lakar ƙasa ba ce. Roba ce, dangin wadda ake yin bututun ruwa da ita, aka haɗa da wani mai da ke sa ta laushi. Asalinta daga Jamus ne, daga gidan wata mai yin 'yar tsana, kuma tun shekarun 1960 ake sayar da ita da wannan suna. Kyanta shi ne ba ta bushewa a iska. Kina iya barin aiki ki je ki yi sallah, ki dafa abinci, ki dawo ki same shi yadda kika bari. Sai an gasa take tauri, a zafin digiri 110 na minti 30.

Wannan digiri 110 ɗin shi ya kusa sa in bar abin gaba ɗaya. Murhun gas ɗinmu mafi ƙarancin wutarsa ta wuce haka nesa. Gashin farko, tuwon shinkafa malmala huɗu da na yi yini ina yi, na dawo na tarar sun koma gawayi suna fitar da wani hayaƙi mai yaji da ya sa muka buɗe tagogi muka fita tsakar gida da yara. Na ari ƙaramin murhun lantarki, minti goma da sawa aka ɗauke wuta. Da na ciro su sun yi kamar sun gasu, amma ina matsa ɗaya ya rududduge a yatsana kamar ƙuli-ƙuli. Lakar da ba ta gasu sosai ba haka take, a ido lafiya, a hannu gari.

Dabarar da ta fisshe ni ita ce ta iyayenmu masu gasa kek ba murhu: tukunya da yashi. Na zuba yashi kamar kaurin yatsu uku a tsohuwar tukunya, na ɗora gutsuren tayil a kai, na sa ma'aunin zafi na murhu a gefe, na rufe, na rage wutar gas iya raguwa. Yashi yana riƙe zafi ya daidaita shi, ba ya hawa da sauka da sauri. Ina zama a gefe da agogo, in allurar ma'auni ta doshi 120 in ɗan zame murfin. Saman kayan kuma ina kifa masa takardar alminiyon don kada fari ya yi ja. Tukunyar nan ba ta sake ganin abinci ba, haka wuƙa da duk abin da ya taɓa lakar.

Masu wannan aiki suna da ma'aunin da suka fi bi: kashi ɗaya cikin goma sha biyu na girman abu. Farantin da ya kai santimita 24 zai koma santimita 2. Waina mai faɗin santimita 7 za ta koma kamar milimita 6. Na yi lissafina, na mulmula farar laka, na ɗan danne, na shafa mata ruwan ƙasa a sama, na jera shida a faranti na kai wa surukata da ke zaune da mu. Shekararta talatin tana toya waina kafin gwiwa ta hana ta.

Ta sa tabarau, ta matso da farantin kusa da hanci, ta daɗe tana dubawa.

"'Yar nan, wannan maganin zazzaɓi ne ko me?"

Na ce, "Hajiya, waina ce."

"Wainar wa? Ke kin taɓa ganin waina fara fat kamar alli? Ina bakinta? Ina inda aka juya ta?"

Na buɗe baki in kare kaina, sai na ga ba ni da amsa. Tun ina yarinya nake cin waina, amma da za a ce in faɗi launinta da siffarta ban sani ba. Washegari da sassafe na ɗauki kujera 'yar tsuguno na je wurin mai wainar layinmu, na sayi ta ɗari biyar don kada zaman ya zama na banza, na ce mata kallo na zo yi. Ta yi dariya ta ce in kalla, ba a biya.

Ashe waina ba faifai ba ce, tudu biyu ne da suka haɗa baki. Gefen da ya fara kwanciya a ramin tanda ya fi santsi kuma ya fi ja, ɗayan da aka juya ya fi haske, jansa tsalli-tsalli. A inda suka haɗu akwai wani ɗan siririn baki da ya soyu ya yi ƙaras-ƙaras, wani wuri ya fito wani wuri ya shige, don ƙullun da bai gama nuna ba yana ɗan zubowa lokacin juyi. Farinta ma ba fari ba ne, yana da ɗan ruwan madara, kuma haske yana ɗan ratsa shi. Da na gutsura na ga 'yan ramuka a ciki kamar soso, aikin kumburin ƙullu. A tanda ɗaya kuma babu biyu da suka nuna daidai: na tsakiya inda wuta ta fi ƙarfi sun fi duhu, na gefe suna nan fari-fari.

Na koma gida na sake lale. Farar laka kashi biyu, mai ratsa haske kashi ɗaya, sai ɗigon rawaya da bai kai kan allura ba. Na mulmula 'yan ƙwallo biyu-biyu, na haɗa su, na ja bakin da tsinin allura ya fito ba daidai ba. Na daddanna jikin da tsohon buroshin haƙori don ya daina sheƙi irin na roba. Launin suya kuwa ba fenti ba ne. Allin zane mai launi ake kankarewa da reza ya zama gari, a shafa da busasshen buroshi tun lakar tana ɗanya: rawaya tukuna a ko'ina, sannan ruwan zuma a tsakiya, sannan ruwan ƙasa mai duhu a baki kawai, kaɗan-kaɗan. In kika fara da mai duhun kin gama ɓata ta, ba ya goguwa.

Tandar ce ta haɗa mini sana'o'in biyu. Na murza laka baƙa da ruwan ƙasa, na yanka da'ira, na rasa abin da zan yi ramukan da shi su fito daidai. Sai idona ya faɗa kan kofin duwatsu. Na ɗauki zagayayyen dutse mai milimita 6, na shafa masa hoda don kada ya manne, na danna sau bakwai. Ramuka suka fito sumul. Bayan gashi na ɗiga man sheƙi mai ruwa a cikin ramukan da bakin wainar kaɗai, ya zama kamar man gyaɗa. Kada a yi wannan da jan farce mara launi. Na gwada a kan tsire, bayan 'yan watanni ya koma danƙo yana kama ƙura.

Ƙura ita ce kishiyar wannan aiki. A hunturu farar laka tana jawo duk abin da ke yawo a iska, ga zaren tufafi. Na daina aiki da baƙar abaya, na koyi fara yin farare kafin masu launi, ina ajiye ɗan guntun laka da nake mulmulawa a tafin hannu ya kwashe datti kafin in taɓa ta kirki. A watan Afrilu kuma matsalar ta juya: lakar tana narkewa a yatsa kamar man shanu, zanen yatsa yana fita a jikin komai. Sai in shimfiɗa ta tsakanin farar takarda biyu ta kwana, takardar ta tsotse man da ya yi yawa, ko in yi aiki bayan asuba kafin gari ya ɗauki zafi.

Sauran abincin kowanne da rigimarsa. Miyar kuka na yi wayo na zuba garin kuka na gaske a cikin ruwan laka, ta fito daga tukunya baƙa ƙirin. Sai da na koma alli, kore da ruwan ƙasa da ɗan toka-toka, sannan ta yi kama da kuka. Yajin tsire ma na gaske ba ya yi, ƙwari yake kira, don haka gasasshiyar laka nake gogawa a takardar yashi in barbaɗa garin. Ɗanwake yana da sauƙi, don shi dama ba shi da siffa, wahalarsa tana wurin yankan albasa da ƙwai. Fura da nono sun ba ni daɗi: ƙwarya daga laka mai ruwan zuma, ludayi da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, faifan rufi kuma zaren ɗinki na naɗe a kan gam, ja da kore. Alkaki da dubulan sai da na matso laka ta sirinji ta fito kamar zare, na naɗa da allura biyu ina riƙe numfashi. Kilishi har yau ya gagare ni. Ko ya fito kamar fata, ko kamar tabarmar roba.

Wata rana ƙanwata ta zo da ɗanta mai shekara uku. Muna hira sai na ga bakinsa yana motsi, farantin ƙosai kuma saura huɗu cikin shida. Uwar ta sa yatsa ta zaƙulo biyun, yana ta kuka wai an ƙwace masa. Na ji tsoro ƙwarai, don abu ne da zai iya shaƙe yaro, amma can ƙasan raina, Allah Ya yafe mini, na ji daɗin cewa ƙosan ya ruɗe shi. Yanzu komai yana cikin gwangwanin alewa a saman kabad.

Da bikin wata ƙawata ya zo na yi mata gara sukutum a cikin akwatin ashana: alkaki, nakiya, dubulan, cincin, da 'yan buhunan shinkafa biyu. Na haɗa mata da 'yan kunne, kowanne waina ɗaya tana reto a ƙarƙashin dutse mai ruwan zuma. A wurin kamu aka riƙa miƙa akwatin hannu zuwa hannu, mata suna tambaya nawa nake sayarwa. Na lissafa awannin da ya ci, sun haura ashirin, na ga duk kuɗin da na faɗa ko a ce na yi tsada ko ni in cuci kaina. Na ce ba na sayarwa ba ne. Sarƙa da abin hannu dai nakan karɓi kuɗin kaya in an matsa, don in sami na sayen waya.

Tandar nan kuwa da na gama ta na sake kai wa Hajiya, gabana yana faɗuwa. Ramuka bakwai, biyar da waina, ɗaya da ƙullun da aka zuba yanzu, ɗaya babu komai sai mai. Ta karɓa a tafin hannu ta juya ta wajen haske. Ta nuna ta tsakiya da farcen ɗan yatsa.

"Wannan ta kusa ƙonewa. Mai toyawar ta tsaya surutu."

Ta miƙe da sandarta, ta buɗe kabad ɗinta na gilashi inda take jera tsofaffin langunanta na aure, ta ajiye tandar a kan murfin ƙaramar, ta mayar ta kulle. Sannan ta ce in na tashi yin wata in sa mata kwanon miyar taushe a gefe, don ita ba ta cin waina da sukari.